Inuwar Giginya: Tarihin Waƙar "Creep" ta Radiohead

A ranar 21 ga watan Satumba na shekarar 1992, kamfanin faifai na EMI, ta hannun reshensa mai suna Parlophone, ya fitar da wani ƙaramin faifai a kasuwannin Ingila, ɗauke da waƙar waɗansu samari biyar 'yan yankin Oxford, waɗanda a lokacin, in ka ɗebe iyayensu da abokan karatunsu da 'yan tsirarun da ke zuwa kallonsu a ƙananan gidajen rawa, babu wanda ya san da zamansu. Sunan ƙungiyar Radiohead, sunan waƙar kuwa "Creep". Faifan bai yi kasuwa ba. Abin da aka sayar bai wuce wajen 6,000 ba, ya hau jerin waƙoƙin da suka fi ciniki a Birtaniya ya tsaya a matsayi na 78, sa'an nan ya gangaro ya ɓace, kamar yadda ɗaruruwan irinsa ke ɓacewa kowace shekara ba tare da wani ya yi musu ta'aziyya ba. Da a nan al'amarin ya tsaya, da babu mai ɓata tawada a kansa. Amma wannan waƙa da 'yan ƙasarta suka yar, ita ce ta tsallaka teku ta samu masu ɗauka a wurin da ba a zata ba, ta dawo gida da martaba, ta ciyar da masu ita, kana ta zame musu alaƙaƙai har suka yi shekaru suna gudun jin sunanta.

Kafin mu shiga ƙissar, ya kamata a warware wa mai karatu abubuwa biyu, domin sai an san al'adar kasuwa ake gane riba da faɗuwa a cikinta. Al'adar masu sana'ar faifai a Turai da Amurka ita ce, idan mawaƙa suka shirya kundi, watau babban faifai mai waƙoƙi goma ko sha biyu, ba a sakinsa kwatsam. Sai a zaɓi waƙa guda a sako ta gaba da 'yan makonni ko watanni, a buga ta a ƙaramin faifai mai araha, a bi gidajen rediyo da ita ana roƙon a saka, ta zama kamar zagi a gaban dokin sarki, tana buɗe hanya tana shelar mai zuwa. In an karɓi zagi, kundi ya shigo gari da daraja. In kuwa an kau da kai daga gare shi, sau da yawa kamfani yakan fara janye hannunsa tun kafin kundin ya iso, tun da yake 'yan kasuwa ba sa zuba ruwa a tulun da suka ga alamar tsaga. "Creep" ita ce zagin kundin farko na Radiohead, mai suna Pablo Honey, wanda bai fito ba sai 22 ga Fabrairu 1993.

Abu na biyu shi ne irin kiɗan. Kiɗan rok, wanda ginshiƙansa su ne jita mai aiki da lantarki da ganguna da murya, ya riga ya manyanta a shekarun 1980, ya zama sana'ar manyan kamfanoni da manyan filayen wasa da mawaƙa masu ado da ƙyale-ƙyale. Sai waɗansu matasa suka ware gefe suna yin nasu da ƙaramin jari, a ƙananan kamfanoni, babu mai saka su sai gidajen rediyon ɗaliban jami'a da masu shirye-shiryen tsakar dare, irin su R.E.M. a jihar Georgia, da Pixies a Boston, da The Smiths a Manchester. Wannan shi ne abin da za mu kira rok na gefe. Ya daɗe a gefen nasa, har watan Satumba na 1991, sa'ad da ƙungiyar Nirvana ta fitar da "Smells Like Teen Spirit", waƙar da ta ja kundinsu Nevermind har ya tumɓuke na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka a watan Janairu 1992. Daga ran nan gefe ya koma tsakiya, manyan kamfanoni suka bazama neman duk wani saurayi mai jita da baƙin ciki.

Su waɗannan samari biyar a makarantar Abingdon suka haɗu, makarantar maza ta kuɗi a kusa da Oxford, suka kafa ƙungiyarsu a 1985. Akwai Thom Yorke mai waƙa, da Ed O'Brien mai jita, da Philip Selway mai ganguna, da Colin Greenwood mai jitar gindi, sai ƙanensa Jonny Greenwood, wanda shi ne autansu, kuma daga baya ya bayyana shi ne mafi zurfin ilmin kiɗa a cikinsu. Sunansu na farko On a Friday, domin ran Jumma'a suke samun ɗakin kiɗa na makaranta su yi bita. Karatun jami'a ya warwatsa su, amma ba su yanke zumunci ba, suna haɗuwa lokacin hutu. Da suka gama suka dawo Oxford, Colin ya kama aiki a wani kantin sayar da faifai, a nan ne ya gamu da wani wakilin EMI mai suna Keith Wozencroft ya miƙa masa kaset ɗinsu. Kafin 1991 ta ƙare sun sa hannu a yarjejeniyar kundi shida. Kamfani ya nemi su sake suna, suka ɗauko Radiohead daga sunan wata waƙa ta ƙungiyar Talking Heads ta 1986. Ƙaramin faifan da suka fara gwada kasuwa da shi a watan Mayu 1992, mai suna Drill, ko cikin ɗari na farko bai shiga ba.

Ganin haka EMI ta ɗauko ƙwararru biyu daga Boston, Paul Kolderie da Sean Slade, waɗanda suka taɓa aiki da Pixies da Dinosaur Jr., aka kai su da samarin ɗakin ɗaukar sauti na garin Chipping Norton domin a ɗauki waɗansu waƙoƙi biyu da kamfani ya zaɓa. Aikin ya ƙi tafiya. Riwayar da ta shahara, wadda masu aikin da kansu suka sha maimaitawa, ita ce cewa a wajen bita samarin sun buga wata waƙa dabam don motsa hannu, Yorke kuma ya yi ba'a ya ce wannan ce waƙarsu ta Scott Walker, yana nufin ta yi kama da salon wancan tsohon mawaƙi; baƙin nan biyu suka ɗauki maganar a zahirinta, suka zaci waƙar ta wani ce aka aro, har suka yi ta juyayin cewa mafi kyawun abin da yaran nan ke da shi ba nasu ba ne. Da aikin da aka zo yi ya cije, Kolderie ya ce a sake buga waccan, aka kunna na'ura, aka ɗauke ta a bugu ɗaya, waɗanda ke ɗakin suka ɓarke da tafi. Sa'an nan ne aka tabbatar musu cewa Yorke ne ya tsara ta tun yana ɗalibi a Jami'ar Exeter, a ƙarshen shekarun 1980. Kolderie ya kira kamfani ya ce ga zagin da ake nema.

Ginin waƙar mai sauƙi ne ƙwarai, har ma ana iya cewa sauƙin nan shi ne rabin sirrinta. Haɗin sauti huɗu ne kurum ake jerawa ana maimaitawa tun daga farko har ƙarshe, kusan minti huɗu, na huɗunsu yana karyewa daga amo mai haske ya koma mai duhu, kamar fuskar wanda ya fara murmushi sai ya tuna wani abu. Duk yaron da ya yi wata biyu yana koyon jita yana iya buga ta. Amma abin da ya raba ta da dubban waƙoƙin kaɗaici shi ne wata ƙara mai ban firgita da ke faɗowa gab da amshi, kamar an ɗana bindiga a cikin ɗakin da ake jinya. Jonny Greenwood ne ya yi ta, kuma, bisa ga shaidar abokin aikinsa O'Brien, ba don gyara ya yi ba: waƙar ce ba ta gamshe shi ba, yana ganin ta cika laushi da sanyin jiki, sai ya daki tsirkiyoyin jitarsa da nufin ɓata ta. Abin da ya nufa da ɓarna shi ya zama alamar da ake gane waƙar da ita tun daga nesa. Haka kuma sautin fiyano da ke shigowa a ƙarshe: Kolderie ne ya manta bai ɗaga shi ba wajen haɗa sauti sai da waƙa ta kusa ƙarewa, samarin suka ji suka ce a bar shi haka. Ke nan waƙar da ba a yi niyyar ɗauka ba, an ƙawata ta da ɓarnar da ba ta yi nasara ba da mantuwar da ba a gyara ba. Wanda ya ce dabara kaɗai ke gina shahara, sai ya zo ya yi mana sharhin wannan.

Ita kalmar da aka raɗa wa waƙar, kalmar raini ce da Turawa ke jifan mutumin da ake ƙyamar kusantarsa, mai raɓe-raɓe da leƙe-leƙe, wanda mata ke tsarguwa da kallonsa. Abin mamaki shi ne mawaƙin kansa yake jifa da ita. Jigon waƙar saurayi ne da ya hangi wata mace ya ga ta fi ƙarfinsa, ya rasa zuciyar tunkararta, sai ya juya kan kansa da zargi da ƙasƙanci. A nan ne mai karatu Bahaushe zai ga bambancin al'adu ƙarara. A wurinmu, waƙar da mawaƙi ya fi shahara da ita, wadda ake kira bakandamiyarsa, kamar ta Narambaɗa ko ta Shata, mai ita ne ke zaɓenta, ya zuba fasaharsa duka a ciki, ya yi wa kansa kirari, ya ƙalubalanci abokan sana'a; fahari ne da aka halatta wa gwani. Ga kuwa bakandamiyar da jama'a suka zaɓa wa mai ita ba da shawararsa ba, kuma maimakon kirari, zambo ne ya yi wa kansa. Mutum yana iya maimaita kirarinsa shekara arba'in bai gaji ba. Amma a ce kowane dare sai ka tsaya gaban dubban mutane ka maimaita zagin da ka yi wa kanka kana ɗan shekara ashirin, su kuma suna amsawa da murna, wannan wata jarrabawa ce dabam, kuma a ganina ita ce asalin duk abin da ya biyo baya.

A Ingila dai an yi mata tarbar sanyi. Tashar Radio 1 ta BBC, watau sashen da ke yi wa matasan Birtaniya kiɗa, na gidan nan da Sashen Hausa ya sa muka saba da sunansa tun 1957, ta yanke hukuncin cewa waƙar ta cika sa baƙin ciki, ba ta dace da jerin abin da ake sakawa ba. A zamanin kuwa, waƙar da wannan tasha ta juya wa baya da wuya ta ga hasken kasuwa. Jaridun kiɗa na mako-mako, NME da Melody Maker, waɗanda a lokacin su ne masu naɗawa da tuɓewa, hankalinsu yana kan ƙungiyar Suede ta Landan, wadda Melody Maker ta ɗora a bangonta a watan Afrilu 1992 ta kira ta mafi kyawun sabuwar ƙungiya a ƙasar tun ba ta fitar da ko faifai ɗaya ba. Radiohead kuwa suna da laifuffuka biyu a idon waɗannan alƙalai: 'ya'yan makarantar kuɗi ne, alhali ana son mai kiɗan gefe ya fito daga unguwar talakawa, sa'an nan sun shiga hannun babban kamfani tun daga farko, ba su yi zaman dabaron ƙananan kamfanoni ba. Akwai waɗanda suka yaba, amma muryar masu raini ta fi tashi, har wani marubucin NME ya siffanta su da ragwaye marasa zuciya.

Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Wanda ya fara shan wannan inuwa wani mai gabatar da kiɗa ne a ƙasar Isra'ila, Yoav Kutner, na gidan rediyon sojan ƙasar, wanda faifan ya faɗo hannunsa ya yi ta saka shi ba ƙaƙƙautawa har waƙar ta game gari. Samarin da a ƙasarsu suke buga wa 'yan tsiraru a matsayin masu share fage, sai ga shi an gayyace su Tel Aviv a farkon 1993, wasansu na farko ke nan a wata ƙasa, suka tarar da jama'a sun haddace waƙar suna rerawa tare da su. Daga nan ta ɓulla a waɗansu ƙasashe nesa da juna, ba tare da wani shiri na kamfani ba. Amma babbar ƙofa a California ta buɗe, sa'ad da tashar KITS ta San Francisco ta samu faifan cikin kayan da ake shigowa da su daga Ingila ta fara sakawa, masu saurare suka yi ta bugo waya suna neman a maimaita, tashar KROQ ta Los Angeles ta bi sahu, sauran tashoshin rok na gefe suka ɗauka.

Ba abin mamaki ba ne Amurka ta karɓe ta, domin Nirvana ta riga ta gyara mata kunne. Salon nan na farawa a hankali a fashe da ƙara wajen amshi, wanda Nirvana da kanta ta koya daga Pixies, shi ne abincin matasan ƙasar a shekarar, kuma 'yan jarida sun riga sun ƙirƙiro musu siffa, wai tsara ce ta masu kasala da raina kai, har suka jera "Creep" da waƙar Nirvana da "Loser" ta Beck a matsayin taken wannan tsara. Kamfanin Capitol, reshen EMI a can, ya ga dama ta samu. Sai dai akwai kalmar batsa guda a cikin waƙar wadda dokar rediyon Amurka ba ta yarda da ita ba, aka sa Yorke ya sake rera wurin da wata kalma mai tsabta. Samarin sun yi ɗari-ɗari, suna tsoron a ce sun sayar da mutuncinsu, amma suka yarda, suna kafa hujja da cewa waɗansu da suke girmamawa sun riga su yin haka. Tashar talbijin ta MTV ta riƙa nuna hoton waƙar dare da rana. A 1993 ta kai matsayi na 2 a jerin rok na zamani na mujallar Billboard, ta kai na 34 a babban jerin ƙasa baki ɗaya, samarin kuma suka fara zagayen Amurka a watan Yuni.

To, sai Ingila ta farka. EMI ta nemi a sake fitar da waƙar a gida, samarin suka ƙi da farko, daga baya suka sakko. Aka sake ta ranar 6 ga Satumba 1993, ta hau har matsayi na 7. Waƙar ba ta sauya ba, muryar ita ce, ƙarar jitar ita ce, baƙin cikin da aka ce ya yi yawa bara yana nan bai ragu da ƙwayar zarra ba. Abin da ya sauya kurum shi ne an ji labari daga ƙetare cewa waɗansu sun ce tana da kyau. Ba na jin Turawan Ingila kaɗai ke da wannan hali.

Daga nan ni'ima ta fara juyewa. A shekarar 1993 kaɗai sun yi wasa fiye da 150, kuma a mafi yawansu jama'a abu ɗaya suka zo ji: su yi ta ihun sunan waƙar tun daga farko, in an buga ta waɗansu su kama hanyar gida, sauran waƙoƙin da aka sha wahalar tsarawa a buga wa kujeru. Waƙoƙin da suka biyo bayanta, irin su "Anyone Can Play Guitar" da "Pop Is Dead", ba wadda ta kama ƙafarta, har aka fara lissafa su cikin masu waƙa ɗaya, waɗanda tarihin kiɗa ya cika da kaburburansu. Yorke, wanda tun yana yaro ya san zafin kallon mutane, domin an haife shi da shanyayyen ido na hagu aka yi ta yi masa aiki a kai kafin ya kai shekara shida, ya tarar duniya ta ɗauki hoton da ya zana na wani hali a wani lokaci ta ce shi ne shi har abada. 'Yan jarida suna tambayarsa wace ce matar, masu saurare suna aiko masa da wasiƙun baƙin cikinsu. Ya kai ga sauya wa waƙar suna a bakinsa zuwa wata kalmar ƙazanta mai kama da sunanta, wani lokaci kuma in an matsa da roƙo daga cikin taro ya mayar da baƙar magana.

Amsarsu ta fasaha ta zo a 1994, da wata waƙa mai suna "My Iron Lung", watau huhun ƙarfe. Wannan wata na'ura ce mai kamar ganga da a da ake sa wanda ciwon shan inna ya hana shi numfashi, ta riƙa matsa ƙirjinsa tana saki. Ita ke riƙe da ransa, ita ce kuma kurkukunsa, ba ya fita ba ya juyawa. Ban san wata isti'ara da ta fi wannan dacewa da halin da suke ciki ba. Kundinsu na biyu ma, The Bends, na watan Maris 1995, sunansa sunan ciwon da ke kama mai nutso ne idan ya taso daga ƙarƙashin teku da gaggawa. Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Kuɗin da "Creep" ta shigar su ne suka sa EMI ta yi haƙuri da su sa'ad da aikin kundi na biyu ya yi ta jan ƙafa a hannun mai ɗaukar sauti John Leckie, alhali ƙungiyoyi nawa ne 'yan zamaninsu aka sallama bayan kundin farko ya faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san abin da ke kansa. Ina ganin ƙorafin nasu gaskiya ne, amma ƙorafi ne na wanda ya ƙoshi, kuma su da kansu, da shekaru suka ja, sun yarda da haka.

Abin da ya cece su shi ne ba su yi ƙoƙarin haifo mata ƙanwa ba, ko da yake abin da kasuwa ke nema ke nan. The Bends ta dawo musu da mutunci wurin masu sharhi. OK Computer ta 1997 ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya ta ci lambar Grammy. Sa'an nan a watan Oktoba 2000 suka fitar da Kid A, kundin da suka jingine jita a mafi yawansa suka koma ga na'urorin lantarki, kuma suka ƙi sako masa zagi ko guda, babu ƙaramin faifai, babu waƙar da aka kai wa rediyo a ce ga ta gaba. Duk da haka ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Mutanen da waƙa guda ta kusa haɗiye su, su ne suka nuna ana iya shiga gari ba zagi. Bayan zagayen wasannin OK Computer sun ajiye "Creep" kusan gaba ɗaya, sai ranar 7 ga Yuli 2001, a filin South Park na garinsu Oxford, ana ruwan sama, na'urar da za su rufe taro da ita ta ƙi aiki, Yorke ya juya ya ba da alama, suka buga ta, dubban mutanen gari suka ɗauka da baki ɗaya.

Akwai kuma mas'alar mallaka, wadda ta bi waƙar kamar inuwa. Malaman balaga na Larabawa sun buɗe babi guda a kan satar mawaƙa, suka rarrabe tsakanin tawarudul hawaɗiri, watau tunanin mutum biyu ya faɗa wuri ɗaya ba da sani ba, da ɗauka da gangan. Ta "Creep" ta haɗa duka biyu. Jerin sautinta ya yi daidai da na wata tsohuwar waƙa, "The Air That I Breathe", wadda Albert Hammond da Mike Hazlewood suka tsara, ƙungiyar Hollies ta shahara da ita a 1974. Da O'Brien ya lura da kamar ya faɗa, Yorke, maimakon ya kauce, sai ya ɗauko karin waccan ya gina wurin da murya ke tashi sama gab da ƙarshe. Masu haƙƙin tsohuwar waƙar suka tashi, samarin ba su yi musu ba, aka sa sunayen Hammond da Hazlewood cikin marubuta aka yanka musu kaso, Hammond kuma ya ce saboda gaskiyar da suka faɗa kaɗan aka karɓa. Bayan shekara ashirin da biyar reshe ya juye da mujiya: a watan Janairu 2018 mawaƙiyar Amurka Lana Del Rey ta ba da sanarwar cewa lauyoyin Radiohead suna neman haƙƙin waƙarta "Get Free" ɗungurungum saboda kamarta da "Creep", alhali ta yi tayin kashi 40 cikin ɗari. Kamfanin da ke kula da haƙƙinsu ya ce an yi magana, amma ba a shigar da ƙara ba, ba a kuma nemi duka ba. A watan Maris ta gaya wa masu kallonta a Brazil cewa maganar ta wuce.

Jama'a kuwa ba su jira fatawar kowa ba, tuni suka mayar da waƙar tasu. Masu gasar waƙa a talbijin, da masu kiɗa a bakin titi, da 'yan makaranta, kowa ya ja ta inda yake so. Ƙungiyar 'yan mata masu rera waƙa tare ta ƙasar Beljiyam, Scala, ta mayar da ita kamar waƙar coci, aka yi tallar fim ɗin The Social Network na tarihin Facebook da ita a 2010. Mawaƙin nan Prince ma, wanda ba ya cikin masu buƙatar aron waƙar kowa, ya rera ta a bikin Coachella na 2008, sa'an nan, bisa ga al'adarsa ta tsananin kishin haƙƙinsa, ya sa aka cire hotunan wasan daga YouTube. Da labari ya kai ga Yorke, sai ya yi dariya ya ce a gaya masa ya buɗe, ai waƙarsu ce. Ɗan da uba ya yi shekaru yana kau da kai in an ambace shi, ranar da wani ya sa masa hannu sai ga uban ya miƙe.

Tun daga nan zaman ya zama na sulhu mai sharaɗi. Sun buɗe wasansu da ita a bikin Reading na 2009, suka sake ajiye ta shekara bakwai, sai a Paris a watan Mayu 2016, sa'an nan a Glastonbury a 2017. O'Brien ya ce babu laifi a buga ta in dalilin mai kyau ne, tun da mutane suna so, amma ba kullum ba, kada ta koma sana'ar nishaɗi zalla. Yorke ya ce wani dare yakan ji daɗinta, wani dare kuwa yana tsakiya sai ya ji kamar ya tsaya. A dandalin Spotify an saurare ta fiye da sau biliyan ɗaya, babu wata waƙa tasu da ta kai ta, har da waɗanda masu sharhi suka yi ijma'i a kan sun fi ta nesa ba kusa ba. A 2021 Yorke, yana da shekara 52, ya koma kanta shi kaɗai saboda wani bikin nuna tufafi na Jun Takahashi, mai zanen kaya ɗan ƙasar Japan: ya ɗauki wani tsohon ɗauka da aka yi da jita marar lantarki, ya ja shi ya miƙar har ya kai wajen minti tara, muryar ta yi kauri tana jan ƙafa kamar kaset da batirinsa ya kusa mutuwa, ƙarar Jonny kuma babu ita. Shekara biyu bayan haka, a 2023, wani fim na kamfanin Marvel, kashi na uku na Guardians of the Galaxy, ya buɗe da ita, wata 'yar dabba mai magana tana tafe cikin gari tana bin waƙar a hankali, yara da ba a haifa ba sa'ad da Radio 1 ta ƙi ta suka fito daga silima suna neman sunanta a wayoyinsu.